Awa Huɗu Babu Sabis

Injiniyan da na yi shekara shida ina aiki a ƙarƙashinsa shi ne ya ce in kashe inji. Da bakinsa ya faɗa, a waya, wata Lahadi bayan la'asar. Na kashe. A kwana na huɗu aka kwashe mutum shida a gonakin garinmu. Da injiniyan ya zo, ya zauna a ƙofar gidan dagaci, gaban jama'a, ya ce shi bai taɓa ba ni wannan umarni ba. Abin da aka yi mini ke nan. Na fara da shi ne don kada wani ya karanta rabi ya ajiye bai san inda na dosa ba.

Garinmu ƙauye ne a gefen Kakangi, daji na bayanmu. Ƙarfen sabis ɗin da ke ba mu waya a kan tsohuwar gonar mahaifina aka kafa shi, shi ya sa da kamfani ya nemi mai gadi dagaci ya ce a ba ni. Sunan aikin gadi, amma gadin kaɗan ne a ciki. Cikin shingen akwai janareta, akwai tankin dizal, akwai wani akwatin ƙarfe da ya kai tsawon mutum, cike da batura da na'urori masu ƙananan fitilu. In fitilun suna kore, lafiya. In suka yi ja, akwai magana. Kullum da safe in zura sanda a tanki in ga inda mai ya tsaya, in duba ruwan inji da baƙin mai, in nome ciyawa saboda macizai, sannan in kira Kaduna in faɗi abin da na gani.

Shi injiniya yana can Kaduna gaban kwamfuta, ƙarafa da yawa a hannunsa, namu ɗaya ne daga ciki. Yaro ne a kaina, na ba shi shekara goma sha biyar ko fiye. Baba yake ce mini, ni kuma in ce masa Oga, don haka aikin ya tsara. Daga inda yake zaune yana ganin komai. In na buɗe ƙofar akwatin nan, kafin in rufe waya ta yi ƙara: "Baba, me kake nema a ciki?" Da farko duk wata yakan zo da motarsa da jakar kayan aiki. Da hanya ta lalace, aka fara tare motoci da rana tsaka, sai ya daina zuwa. Na zama hannunsa. Ya ce zare waya ta uku daga hagu, ƙirga goma, mayar. In zare, in ƙirga, in mayar, fitila ta koma kore. Ban san abin da na gyara ba, amma na gyara. Abu ɗaya, bai taɓa rubuto mini umarni ba. Na taɓa ce masa ya riƙa turo saƙo don kada in manta, ya yi dariya ya ce, "Baba, in na rubuto da Turanci wa zai karanta maka?" Gaskiya ne a aji biyu na sakandare na tsaya, amma kashe da kunna ba su fi ƙarfina ba. Na bar maganar. Ba a jayayya da wanda ke riƙe da aikinka.

Dole in yi bayanin filashin, in ba haka ba wanda ba ɗan yankinmu ba ne ba zai gane kome ba.

Tun da mutanen daji suka fara shigowa gonaki, garinmu ya fito da dabararsa. Akwai wani dutse a yamma da gari, daga kansa kana hango bakin daji da hanyoyin shanu duka. Wani tsohon maharbi, wanda ƙafa ta hana shi shiga daji amma ido bai bar shi ba, shi ke hawa dutsen nan kullum da damina, da gorar ruwansa da 'yar ƙaramar waya mai maɓalli. In ya hango ƙurar babura ko tsuntsaye sun tashi inda bai kamata ba, sai ya kira mutum uku. Ba magana yake yi ba. Waya ta yi ƙara sau ɗaya ya katse, ya sake kira ya katse. Kowanne cikin ukun nan yana da nasa mutum uku da zai yi wa haka, su ma da nasu. Kafin ka sha ruwa ka ajiye moɗa, duk wata gona da ke yamma ta ji. Ba mai ɗauka, ba mai tambaya. In wayarka ta yi ƙara biyu ta katse, ka yar da fartanya ka kama hanyar gari. Ba ya cin kati, saboda haka ko wanda ba shi da kome a waya yana cikin layi. Sau da yawa an gudu a banza, Fulanin da muka sani ne ke wucewa da shanu, a dawo ana tsokanar tsoho. Amma sau biyu na sani da idona abin ya fitar da mutane.

To, a wannan daminar tankar mai ta daina zuwa. Direba ya ce ba zai biyo hanyar ba sai da rakiyar sojoji, rakiyar kuma ba kullum ake samu ba. Baturan cikin akwati sun mutu tun bara, in inji ya tsaya ko kwata na awa ba sa riƙewa. Sati uku ina zura sanda ina ganin jiƙar mai tana sauka, daga kamu biyu ta koma kamu ɗaya, ta koma yatsu huɗu. Kullum ina faɗa. Kullum a ce mini ana kan magana.

Ranar Lahadin nan ya kira.

"Baba, man nan ba zai kai mu zuwan tanka ba. Daga gobe za ka riƙa kashe inji ƙarfe goma na safe, ka tayar ƙarfe biyu."

Na ce, "Oga, da rana?"

"Da rana."

"Oga, ka bari in kashe da dare mana. Da dare kowa yana gida. Da rana mutane suna gona."

Ya ce, "Ai shi ya sa. Ga shi nan a gabana ina kallo. Daga magariba zuwa sha biyu ƙarfenku cike yake, ana kallon bidiyo, ana tura saƙon murya, samari suna hira. Amma daga goma zuwa biyu layi kwance yake, kamar ba mutane a garin. Ba mai kira a lokacin."

Na ce akwai masu kira. Na yi masa bayanin tsoho da dutse, da ƙara biyu a katse. Ya saurara, ko dai ya yi shiru, don ina jin yatsunsa a kan kwamfuta. Da na gama ya ce, "Baba, filashin ba kira ba ne. Ba ya fitowa a nan. In na kashe lokacin da ake amfani da sabis, gobe da safe manyana za su kira ni su ce me ya sa. In na kashe lokacin da ba kowa, ba wanda zai tambaya. Sati ɗaya ne kawai, tanka za ta zo."

Sannan ya ƙara da abin da ya fi ɗaure ni. Ya ce kada in faɗa wa kowa lokacin. Ya ce, "Ka san garuruwanku, magana ba ta kwana. In ta kai daji cewa kullum awa huɗu babu sabis, kai ka jawo. Wanda ya tambaya ka ce matsala ce daga Kaduna, ana gyara."

A nan ne na ga kamar yana da gaskiya, kuma har yau ban iya cewa ba shi da ita gaba ɗaya. A garinmu a lokacin ba ka san wa ke sayar wa daji da burodi da man babur ba, ba ka san wa ke kai labari ba. Mutum yana sahu ɗaya da kai a masallaci, ba ka san lambar da ke cikin wayarsa ba.

Litinin ƙarfe goma na murɗa makulli. Shekara shida ban taɓa jin wurin nan shiru ba. Da injin ya mutu sai na ji kukan kurciya, na ji iska tana kaɗa wayoyin da ke saman ƙarfe. Fitilun akwati suka yi ja ɗaya bayan ɗaya, suka mutu. Na zauna a kan bulo, fuskata tana yamma. Daga nan ana hango kan dutsen, ana ganin tsoho kamar ɗigon baƙi. Ban iya cin abincin da uwar 'ya'yana ta aiko ba. Duk babur ɗin da ya wuce a hanyar kasuwa sai in miƙe in duba. Na duba agogon waya ya fi sau hamsin. Biyu saura kwata na kasa haƙuri, na tayar.

Da yamma mutane suka tare ni a bakin masallaci. "Mai ƙarfe, yau me ya sami sabis ɗinka?" Na ce daga Kaduna ne, ana gyara. Wannan ƙaryar da bakina na yi ta, ban ɗora wa kowa ba. An ba ni ita, amma ni na faɗa, kuma na faɗa sau da yawa.

Maƙwabcina wani malamin firamare ne, Kirista, daga kudancin Kaduna aka turo shi tun yana saurayi, ya zauna, ya yi aure, ya sayi gona a yamma. Ticha kowa ke ce masa. Katanga ɗaya ta raba mu. Da sallah matarsa ke taya tawa suya, da Kirsimeti tawa ke taya ta. Talata da yamma ya leƙo ya ari galmata, ya ce, "Maƙwabci, ka gaya wa Kadunan nan taku su yi sauri. Yau ina gona ina ta ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa." Muka yi dariya. Na buɗe baki in ce masa kada ya je gona kafin ƙarfe biyu, sai na tuna matarsa tana da ƙawaye, ƙawayen suna da maza. Na ce masa, "Ana gyara, Ticha."

Laraba da sassafe na nufi gidan tsohon maharbi, na ce ko shi kaɗai in faɗa wa, ya nemi wata dabara, ko ganga ko bindigar toka. Na same shi a ƙofar gida yana shan koko da mutum huɗu, biyu ban yarda da su ba. Na gaishe su, na tambayi ƙafarsa, na wuce. Na ce gobe.

Alhamis na kashe ƙarfe goma kamar kullum. Wajen sha biyu da rabi, ina zaune a kan bulon nan, sai na ga ɗigon baƙin da ke kan dutse ya miƙe. Tsohon nan in ya hau ya zauna ba ya miƙewa, ƙafarsa ba ta barin sa. Na ga yana ɗaga hannu sama, yana juyawa gabas, yana juyawa kudu. Na gane abin da yake yi. Sabis yake nema.

Ban san yadda na isa wurin inji ba. Murɗawa ta farko ya yi tari ya mutu. Ta biyu ya kama. Amma tashin inji ba shi ne dawowar sabis ba. Na'urorin nan sai sun ɗauki lokacinsu, fitila ta yi ja, ta yi ruwan ɗorawa, sannan kore, ɗaya bayan ɗaya, kusan minti goma. Na tsaya gaban akwatin ina salati, ina ce wa ƙarfe yi sauri, yi sauri. Fitila ta uku tana ruwan ɗorawa na ji harbi na farko daga yamma. Ba shi da ƙara sosai, kamar ana fasa itace a nesa.

Da ta ƙarshe ta yi kore wayata ta yi ƙara. Tsoho ne. Ta yi ƙara ɗaya, biyu, uku, bai katse ba. Tun da aka fara wannan tsari bai taɓa barin waya ta wuce ƙara ɗaya ba. Na ɗauka. Numfashinsa kawai nake ji. Sai ya ce, "Ina ka kai sabis?"

Mutum shida mutanen daji suka tafi da su. Ticha yana ciki, a gonarsa suka same shi, da galmata a hannu.

Na kira injiniya a ranar. Ya ce innalillahi. Sannan ya ce, "Baba, kada ka ce kome ga kowa. Ka bar injin a kunne. Zan zo da kaina in yi bayani." Na riƙe wannan maganar kwana tara. Mutane suna tambaya, ina cewa injiniya yana zuwa, zai faɗa muku da bakinsa. A kwana taran nan na lura gaisuwa ta fara gajarta. Wanda da zai tsaya ya tambayi iyali, sai ya ɗaga hannu daga nesa.

Ya zo ranar da tanka ta zo, cikin rakiya. Dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa bayan azahar, har da 'yan sa-kai da bindigoginsu a kafaɗa, da dangin waɗanda aka ɗauka. Na zauna a gaba, kusa da shi, don a zatona wanke ni ya zo yi. Na ga gumi a wuyan rigarsa. Ya kalli bindigogin, ya kalli matan da ke tsaye a baya. Ya buɗe kwamfutarsa a kan cinya.

Dagaci ya ce, "Injiniya, an ce mana matsala ce daga wurinku. Mece ce matsalar?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, daga wurinmu babu matsala. Ga shi nan a rubuce. Kwana huɗu a jere, ƙarfe goma, inji yana tsayawa. Ba lalacewa ya yi ba. Da hannu aka kashe shi, a nan."

"Wa ya ce a kashe?"

"Ofis ba ta ba da wannan umarni ba, ranka ya daɗe. In da ta bayar, da akwai takarda."

Na miƙe. Na ce, "Oga, ka ji tsoron Allah. Ranar Lahadi bayan la'asar ba kai ka kira ni ba?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Kullum ina kiran ka, Baba. Maganar mai muka yi. Na ce a yi tattali. Ban ce a kashe wa mutane sabis ba."

Wani daga baya ya ce, "Ba kai ka ce mana daga Kaduna ne ba? Ashe kai ke kashewa." Wani ya ce, "Kwana uku yana gwada musu, a na huɗu suka zo." Sai na ji kalmar. Ban ga wanda ya fara faɗa ba, murya ce ƙasa-ƙasa: infoma, wato mai kai wa daji labari. Wanda bai zauna a yankinmu ba bai san nauyin kalmar nan ba. Na san mutanen da aka kira da ita da safe, ba su ga la'asar ba.

Dagaci ne ya cece ni, Allah Ya saka masa. Ya ce a shigar da ni zaurensa, ba wanda zai taɓa ni a ƙofar gidansa. 'Yan sa-kai suka karɓi wayata suka bi lambobin ciki ɗaya ɗaya, suna kira suna tambayar waye. Ba su sami kome ba. Amma rashin samu bai wanke ni ba, sai aka ce ina da wata wayar a ɓoye. Aka tambayi tsohon maharbi, ya ce shi bai san zuciyar kowa ba, abin da ya sani ya danna waya sau goma sha ɗaya ba ta tafi ba. Ina cikin zaure na ji tashin motocin rakiya. Injiniya ya bi su. Ko leƙowa bai yi ba.

Kwana biyu bayan haka dagaci ya ce mini, "Ni ban yarda ka yi ba. Amma ba zan iya tsare ka kullum ba. Ka ɗan matsa." Muka ɗaure kaya a kan babura biyu muka koma cikin Birnin Gwari, ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwan matata. Da safen da za mu tashi, matar Ticha ta fito. An tsinto galmar a gona an kai mata. Ta jingina ta a bakin ƙofarmu, ta juya. Matata ta kira ta, ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Daga baya biyar cikin mutum shidan suka dawo, bayan wata biyu. Ticha bai dawo ba. Waɗanda suka dawo sun ce ciwon sukarinsa ne ya tashi a daji, babu magani.

Damina biyu na yi a tasha ina ɗora kaya a mota. Kamfani bai kore ni da takarda ba, bai kuma kira ni ba, shiru kawai. Makullin shingen yana wurina, na ɗaura shi a igiyar wando, ban san dalili ba. A tasha nakan zauna bayana a jikin bango. 'Yan acaɓan da ke zuwa daga wajen Kakangi sun san ni, in sun sauke fasinja sai in ga an nuna ni da haɓa. A masallacin tasha wani ya taɓa janye ƙafarsa daga tawa a sahu. In wayata ta yi ƙara ta katse, ko da kuskuren lamba ne, sai in tashi in canza wurin zama. Matata ta daina zuwa gidan biki. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini kai ne. Da ma an zo, da na sami wanda zan yi wa rantsuwa.

Kuma akwai abin da ban taɓa samun amsarsa ba. Ko mutanen daji sun lura da sabis ɗin ne, don su ma da ƙarfen nan suke waya, suka ƙirga awannin kamar yadda ni ma nake ƙirgawa? Ko kuwa ranar ce kawai ta zo daidai? In na farko ne, to ɓoyewar da na yi mutanen gari kaɗai na ɓoye wa. Wannan tunanin shi ke hana ni cin abinci wani lokaci, har yau.

Bayan tashina ba wanda ya yarda ya karɓi gadin. Inji ya sha mansa ya tsaya, aka fasa shinge ta baya aka kwashe wayoyi. Garin ya koma hawa bishiya neman sabis daga nesa. Tsoho ya daina hawa dutse, don ba abin da zai yi a can.

Da hanya ta ɗan yi sauƙi, wata Asabar da hantsi, ina ɗaure buhunan masara a bayan wata mota, na ji an ce, "Baba." Na san muryar kafin in juya. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau. Ya miƙo hannu, na nuna masa hannuna da igiya a ciki.

Ya ja ni gefe, kusa da rumfar mai shayi, inda 'yan acaɓan Kakangi ke jiran fasinja. Ya rage murya. Ya ce kamfani zai tayar da ƙarfen, an kawo sababbin batura da faifan sola. Ya ce dagaci ya ce filin na gidanmu ne, ba zai sa kowa a wurin ba sai da yardata. Ya ce shi da kansa ya ba da sunana, a mayar da ni.

Na ce, "A mayar da ni ina? Garin da ake ce mini infoma?"

Ya ce, "Baba, abin ya wuce. Mutane suna mantawa." Ya ƙara matsowa, har ina jin ƙamshin turarensa. "Ka gane matsayina ranar nan. Ka ga bindigogi. In da na ce ni na ce a kashe, kana ganin zan fita garin da ƙafata? Ko na fita, aikina ya tafi. Ina da yara ƙanana. Kai ɗan gari ne, na san ba za su taɓa ka ba."

Na ce, "Me ka ce? Kunnena ya yi nauyi, tasha ce. Ɗaga murya."

Ya waiga. 'Yan acaɓa uku suna kan baburansu, ɗaya ɗan ƙanen tsohon maharbi ne. Yaron ya kashe babur ɗinsa. Na kusa da shi ma ya kashe. Mai shayi ya tsaya da ludayi a hannu.

Na kwance makullin daga igiyar wando, na ɗaga shi yadda kowa zai gani, na ce:

"To ni bari in ɗaga tawa. Kai ka kira ni ranar Lahadi bayan la'asar ka ce in kashe inji daga goma zuwa biyu. Na ce maka mutane suna gona, na faɗa maka maganar tsoho da dutse, ka ce filashin ba kira ba ne, ba ya fitowa a kwamfutarka. Kai ka ce in ce daga Kaduna ne. Na bi ka, na yi wa maƙwabcina ƙarya yana tsaye a ƙofata, wannan nawa ne, zan amsa shi gaban Allah, ban ce ka ɗaukar mini ba. Amma naka ka ɗauka. Yanzun nan ka faɗa mini a kunne cewa tsoro ka ji. Ni damina biyu ina jin tsoron da ka ji na awa ɗaya. Kana da yara, ni itace na haifa? Shi Ticha ba shi da su? Ba na son aikinku, ko kun ninka shi. Ga makulli, ga fili, ku kafa abin da za ku kafa, garin yana bukatar sabis. Amma ba a tasha zan ba ka ba. Ranar Juma'a bayan an sauko, a ƙofar gidan dagaci, inda ka zauna ka buɗe kwamfuta. A kira tsoho, a kira matar Ticha ta tsaya a gaba, ba a baya ba. Ka ce, ni na ce ya kashe. Kalma biyar ce, Oga, ba sai an rubuta da Turanci ba. In ka faɗa, in sa maka makullin nan a hannu, ni da kaina in raka ka har mota, ba mai taɓa ka sai ya bi ta kaina. In ba za ka iya ba, ka koma Kaduna ka gaya wa manyanka mai gadi ya ƙi. Su tambaye ka dalili."